Yadda Ake Fuskantar Gwajin Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Idan likita ya ce za a yi maka gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da za ka tarar galibi takarda ce mai ɗauke da tambayoyi. Kafin ranar, ka rubuta magungunan da kake sha, da lokacin da matsalar ta fara, da yadda barcinka da cin abincinka suka canja, domin waɗannan sukan kuɓuce wa mutum da zarar ya zauna gaban likita.

Wajen ciwon damuwa, an fi farawa da gwajin PHQ-9. Tambayoyi 9 ne, dukansu a kan makonni biyu da suka wuce, kuma kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, wato jimilla ba ta wuce 27. Wanda ya kai maki 10 akan zurfafa bincike a kansa. Ka amsa bisa abin da ya same ka a makonni biyun nan kaɗai, kada ka auna da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarka. Tambaya ta tara ita ce mutane suka fi riƙe alƙalami a kanta suna jinkiri, domin tana tambaya ne ko ka yi tunanin gara ka mutu ko ka cutar da kanka. A ganina babu wadda ta fi ta cancantar gaskiya, kuma kunya a wannan gaɓa tana iya hana ka taimakon gaggawa.

Na yawan fargaba, wato GAD-7, tambayoyi 7 ne a kan tsari iri ɗaya.

MMPI-2 kuwa, wato gwajin da ke auna halayyar mutum da alamun matsalolin ƙwaƙwalwa, yana bukatar haƙuri, domin jimloli 567 ne da za ka ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba, kuma yakan ci fiye da awa ɗaya. Ka je bayan ka huta, kada kuma ka ƙawata amsa, saboda a cikinsa akwai ma'aunin da ke gano mai ɓoyewa da mai zuzutawa.

Maki kaɗai ba ya tabbatar da cuta. Likita zai haɗa shi da hirar da ya yi da kai, wani lokaci har da gwajin jini, tunda ƙarancin jini yana kawo kasala mai kama da ta ciwon damuwa. Ka nemi ya bayyana maka ma'anar sakamakon, da wanda zai iya ganinsa, da lokacin da za a sake gwajin don a ga ko magani yana aiki.