Kurakuran da masu wallafa ƙananan wasannin tebur ke yi wa masoyansu a intanet

Wasan da nake nufi shi ne wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, in aka zo gaɓar da ba a san abin da zai faru ba sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Babbansu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mu dai a Tumfure a nan Gombe, a kan tabarma muke namu ranar Asabar bayan la'asar, kuma cikinmu har an samu masu rubuta nasu da Hausa, da dodanni da Gizo da mayaƙan dawaki, suna sayar da PDF ta WhatsApp. Da su nake.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shiru bayan an karɓi kuɗi. A Turai da Amurka ta Kickstarter, wani shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, ake yawan tara kuɗin bugu kafin littafi ya fito. Mu namu shi ne "tura ta wannan akawu, ka turo shaidar biya". Na taɓa biya wa wani bawan Allah, ya ce kafin babbar salla littafi zai zo hannu. Salla ta zo, aka ci nama, aka cinye har soyayyen, babu littafi babu bayani. Da tambaya ta yi yawa, sai ya kulle guruf ɗin WhatsApp na masu saye, shi kaɗai ke iya rubutu. Ashe mai yi masa zane ne ya kwanta rashin lafiya, ga kuɗin takarda ya tashi. To malam, wa zai ƙi jin wannan uzuri? Jinkirin bai dame mu ba kamar yadda rufe mana ƙofa ya sa kowa ya fara zargin an ci kuɗinsa. Gyaran ba wuya: duk sati biyu ka leƙo, ko da babu sabon abu. Ɗauki hoton shafin da kake kai, faɗi inda aka tsaya da sabuwar rana, wanda ya gaji da jira ka mayar masa da kuɗinsa ba tare da baƙar magana ba.

Sai ɓoye kuskure. Wani ya ce maka doka a shafi na 12 ta saɓa da ta shafi na 30, kai kuma sai ka ce bai iya karatu ba, ko ka gyara a ɓoye. Ranar wasa sai a tarar da littafi iri biyu a kan tabarma ɗaya, gardama ta kaure. Yi masa godiya, tara gyare-gyaren a takarda guda mai kwanan wata, aika wa duk wanda ya saya sabon fayil kyauta.

Cire mai ƙorafi daga guruf, ko zuba ido 'yan kanzaginka su yi masa ca, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Rubuta dokar guruf, ka hukunta zagi, ka bar suka.

Akwai kuma kishi da abin da masoya suka ƙirƙira. Yaro ya zana sabon dodo ko ya rubuta labarin da za a buga da dokokinka, ya saka a Facebook, sai ka bi shi da barazana. Ko manya sun gwada sun sha kashi. Kamfanin Wizards of the Coast, mai D&D, ya fitar da lasisin OGL a 2000 wanda ya bai wa kowa damar gini a kan dokokin wasan. A Janairun 2023 aka fallasa shirinsa na ƙuntata lasisin, masoya suka riƙa soke rajistarsu ta shafin kamfanin na intanet, D&D Beyond, kamfanin Paizo, abokin hamayyarsa, ya sanar da nasa lasisin. Kafin watan ya ƙare Wizards ya janye, har ya saki ainihin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke bai wa kowa damar amfani da su kyauta. In Wizards, mai katafaren kamfanin Hasbro a bayansa, bai iya ba, ina ga kai mai kwastoma 40? Rubuta layi uku a shafin farko: ga abin da na yarda a yi kyauta, ga wanda sai an tambaye ni, ga yadda za a ambaci sunana.

Satar PDF kuwa gaskiya ce, marubutan littattafan Hausa na WhatsApp sun fi kowa sanin zafinta. Amma tsine wa guruf baki ɗaya waɗanda suka biya kawai yake ɓata wa rai, ɓarawon ba ya ma karantawa. A kasuwar intanet ta DriveThruRPG, inda ake sayar da irin waɗannan littattafan, ana iya buga sunan mai saye a ƙasan kowane shafi, kai ma za ka iya yin haka da hannunka tunda masu sayen ba su da yawa. Sannan ka ware shafuka kaɗan, dokoki a taƙaice da labari guda na zama ɗaya, ka ce wannan kyauta ne, a tura wa duk wanda aka ga dama.