Yadda Ake Kare Mai Cutar Sikizofireniya Daga Ciwon Sukari

Kuskuren da na fi gani a wajen masu jinyar mai sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankali da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, shi ne murna da ƙiba. Idan majinyaci ya fara shan magani, muryoyin da yake ji suka lafa, ya koma barci da cin abinci, sai dangi su ce ya murmure, alhali wani lokaci maganin ne ya buɗe masa ciki. Magungunan olanzapine da clozapine su ne kan gaba wajen wannan, kuma masu sikizofireniya sun ninka sauran jama'a wajen kamuwa da ciwon sukari.

Saboda haka, kafin a fara magani a auna nauyinsa, da faɗin ƙugunsa, da hawan jini, da sukarin jini da safe kafin ya karya kumallo, a rubuta duka a littafi guda. A sake hawa sikeli bayan mako 4, da 8, da 12, domin a watannin farko ne nauyin yake hauhawa, kuma a nan ne yawancin iyalai suke sakaci. Tef ɗin tela ya isa awon ƙugu, ba sai an kashe kuɗi ba. Idan mai kilo 60 ya ƙara kilo 3, a kai littafin gaban likita, kada a jira. Shi ne zai duba ko ya sauya zuwa magani irin aripiprazole, ko ya ƙara metformin, maganin sukari da ke rage ƙiba. Kada a kuskura a tsayar da magani a gida, domin sikizofireniyar tana iya dawowa.

Batun abinci kuwa, ni a wurina abin sha ake fara gyarawa. Wasu magungunan suna busar da baki, majinyaci sai ya yi ta neman lemon kwalba da shayi mai sukari, don haka a ajiye masa ruwa kusa, a dama fura da kunu ba zaƙi. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale, kuma kowa a gidan ya ci haka, don ba ya yiwuwa a hana shi abin da ake ci a gabansa.

Tafiyar minti 30 sau 5 a mako ta wadatar, amma a samu mai raka shi, saboda kasala tana cikin alamomin sikizofireniya. Idan zai bar taba a sanar da likita, domin barinta yana ƙara ƙarfin olanzapine da clozapine a jini. A maimaita gwajin sukari bayan wata 3, sannan duk shekara, ko nan take idan ƙishirwa da yawan fitsari suka bayyana.