Kurakuran da masu ɗinkin ƙyallaye da kayan da aka yar suke ta maimaitawa

Da zarar Sallah ta matso, ko aka buɗe 'yar kasuwar baje koli ta mata a unguwa, sai ki ga tebura cike da jakunkunan ƙyallaye, da ribom, da rigunan yara da aka fitar daga gwanjo, da abin goge ƙafa na saƙar leda. Wannan abin farin ciki ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo, turmin atamfa ya fi ƙarfin gidaje da yawa, abin da a da ake sharewa daga shagon tela a zuba a bola yanzu ya zama jari. Abin da yake ƙona min rai shi ne, aibin da na gani a hannun ɗalibaina na farko shi nake gani yau a teburin yarinyar da ta fara jiya. Na faɗa da baki har na gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne jawo asara, shi ne ɗora ƙyalle a kan keke ba a wanke shi ba. Yarinya za ta ɗauko buhun guntaye daga wurin tela, ta zazzage, ta ga kala ta yi kyau da kala, sai kawai ta kama almakashi. To ki sani, a cikin buhun nan akwai sabuwar atamfa da ruwa bai taɓa taɓa ta ba, akwai shadda mai sitati, akwai yadin roba, akwai mai zuba. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, na roba kuwa yana nan yadda yake. Idan kika haɗa su a riga ɗaya, ranar da aka wanke wannan zai ja, wancan ya ƙi, ɗinki ya tattare, riga ta karkace, kuma babu gugar da za ta miƙar da ita.

Wannan ya taɓa cina ba kaɗan ba. Wata uwar amarya ta ba ni aikin jakunkunan rabo na biki, lokaci ya ƙure, na raba wa yaran shago. Aka haɗa jar atamfa da farar shadda domin ta yi kyau a ido, kuma wallahi ta yi kyau. Da damina ne. A hanyar kaiwa ruwa ya taɓa buhun da aka zuba su, kafin a kwance ja ya malale cikin fari, kowace jaka ta yi dabbare-dabbare. Matar nan ba ta ɗaga murya ba, ta dube ni kawai ta ce, “Hajiya, wannan zan raba wa dangin ango?” Na mayar mata da kuɗinta, na sake wasu da yadin da na saya da kuɗina a Kantin Kwari, muka kwana kan keke. Kuɗin da ya tafi ya dawo daga baya, amma ita da 'yan uwanta da suke kawo min aiki ba su sake tako ƙofar shagon ba. Tun daga ranar na kafa doka: ƙyallen da bai ga ruwa ba, ba ya ganin allura, ko da amarya na tsaye a bakin ƙofa.

Ga yadda nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Idan buhu ya zo, a ƙasa nake baza shi in ware farare gefe, masu duhu gefe, jajaye da shuɗaye kowanne da tulinsa. Duk wanda nake zargi, sai in jiƙa farin tsumma in goga a jikinsa da ƙarfi. In ya bar kala, mai zuba ne, na jiƙa shi shi kaɗai a ruwan ɗumi, in yi ta canza ruwan har ya fito garau. Wasu suna zuba gishiri, sun ce yana kama kala. Ni ba na dogara da shi, canjin ruwa na fi yarda da shi. Wanda ya ƙi daina zuba bayan wanki biyu ko uku, ba ya shiga riga ko jaka, sai dai abin goge ƙafa, tare da masu duhu 'yan uwansa. In kuwa na kasa gane auduga ne ko roba, sai in yanko ɗan zare in kai bakin ashana a tsakar gida: auduga tana ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. A inuwa nake shanya, in goge da sauran danshi. Kayan gwanjo na Ƙofar Wambai kuwa suna zuwa da warin dila da kowa ya sani, sai sun kwana a jiƙe da omo sun sha rana sosai. Fesa turare a kai ba ya kashe warin, sai ma ya haɗu da shi ya ƙara muni idan aka ɗaure a leda.

Ko an wanke, a kula da nauyi. Jins da yadi mara nauyi ba sa zama lafiya, mai nauyin zai yi ta jan ɗan uwansa har ya yage a bakin ɗinki. Mai talewa irin na singileti ma a haɗa shi da irinsa. Sannan a yanka ƙyalle bisa tsayin zarensa. Na san guntu ƙarami ne, ana so a ci moriyar kowane lungu, amma wanda aka yanka a karkace zai saki bayan kwana biyu.

Na biyu ba maganar asarar kuɗi ba ce, maganar haƙƙi ce, kuma a nan ba na sassautawa. Ba duk abin da aka yar ake ɗauka ba. Na ga jakar cefane da aka ɗinka da buhun taki. Na ga jarkar maganin feshi an yanke ta an yi mata fenti, wai mazubin cokula. Haba jama'a! Roba tana shan maganin ƙwari, kuma wanki ba ya fitar da shi gaba ɗaya, shi ya sa a jikin jarkar ake gargaɗi kada a sake amfani da ita. Matar da ta saya ba ta san daga ina ta fito ba, za ta zuba tumatir da alayyahu a ciki ta kai wa 'ya'yanta. Buhun shinkafa, na sukari, na fulawa, waɗannan a wanke a yi aiki da su. Na taki, na siminti, da duk mazubin da ba ki san abin da ya taɓa zama a cikinsa ba, ki bar wa 'yan bola jari. Haka cusa matashi da sharar shagon tela ba a tsince ba. A cikin sharar nan akwai karyayyar allura, akwai fil, akwai guntun reza. Ki baza a faifai ki bi da hannu da ido, in kina da maganaɗisu ki bi da shi. Kayan jarirai kuwa, hula ko riga ko shimfiɗa, ba na yin su sai da auduga mai laushi wadda na san asalinta, kuma ba na liƙa musu duwatsu ko ƙananan maɓallai da yaro zai ciro ya kai baki. Masu narkar da leda a kan garwashi cikin ɗaki a rufe, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin ƙirjinku. In dai haɗa leda za a yi, a sa takarda sama da ƙasa a bi da dutsen guga mara zafi sosai, a waje inda iska ke kaɗawa.

Ledar fiya wata tana da nata sharaɗin. A farke kowace ɗaya a wanke ciki da waje, a shanya ta bushe ƙarau kafin a yanka ta zare-zare a kama kwarashi. Wadda aka saƙa da danshi a ciki, sati ɗaya ya isa ta yi fumfuna da wari. Jakar buhu kuma ba ta son zaman rana, rana tana cinye ta har ta riƙa marmashewa, don haka kada ki baza su a filin kasuwa tun safe har la'asar, kuma ki gaya wa mai saye.

Sai maganar farashi, wadda ita ce take kashe wa yara gwiwa su bar sana'ar. Za ki ji yarinya ta ce, “Ai kyauta na samo ƙyallen, ko nawa aka ba ni riba ce.” Wa ya gaya miki? Ƙyallen ne kyauta. Zif ba kyauta ba ne, haka shafi da zare, da omo, da gawayin guga, da kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, da kuɗin tebur a wurin baje koli. Uwa uba lokacinki. Ɗinkin guntaye ya fi ɗinkin sabon yadi cin lokaci nesa ba kusa ba, domin kafin ki kai ga yankan riga sai kin fara haɗa yadin da kanki guntu bayan guntu. Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. In kika raba shi kwanakin aiki 22, kowane yini awa 8, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. To jakar da ta ci miki awa 3, kuɗin hannunki kaɗai ya kai 1,200 tun ba a zo kan zif da shafi ba. In kika sayar da ita 1,000 don kawai a ce kin yi ciniki, ke kika biya mai saye. Kuma ba kanki kaɗai kika cuta ba, kin karya wa ta kusa da ke kasuwa, gobe ita ma a ce mata ai wance ta bayar a dubu ɗaya.

Akwai kuma halin da yake tafiya da wannan, na rarrashin mai saye da “ki taimaka, da tsumma na yi.” Ki daina. Wadda ta saya don tausayi sau ɗaya za ta saya. Ban ce ki ɓoye asalin kayan ba, in an tambaya ki faɗi gaskiya kai tsaye, ki nuna yadda kika wanke kika haɗa, akwai masu sayen da wannan ne ma yake burge su. Amma abin da zai dawo da ita aikin ne. Mata idan suka ɗauki jaka, cikinta suke fara leƙawa. In suka ga zare na reto, bakin ƙyalle ba wibin, wato ɗinkin da ke hana shi warwarewa, ba shafi, sai su ajiye su yi gaba ko da wajen ya kai kyau. Araha ba ta ado, kuma kayan da aka san daga guntaye suka fito an fi sa musu ido fiye da na kanti.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Allura lamba 14 ba ta jins, ki sa 16 ko 18 in ba haka ba ki yi ta karya. Zare mai araha da yake tsinkewa in an ja shi da hannu, kada ya hau kekenki. Gam ɗin kyandir ba ɗinki ba ne, zafin Maris da Afrilu na Kano yana sakin sa, fulawar da kika liƙa ta faɗo a hannun mai saye, don haka ki bi shi da allura. Rubutun kamfani da ke bakin atamfa a yanke shi ko a tura shi cikin ɗinki. Kada ki tara kala goma a riga ɗaya don kawai kina da su, ni uku nake tsayawa, ɗaya a ciki mara zane don ido ya huta. Gwangwanin madara ko na tumatir da za a yi mazubin biro da shi, a danne bakinsa da filaya a naɗe da ƙyalle. Masu aikin tsohuwar taya su kula da wayar da ke cikinta, tana tsaga hannu. Ƙyalle mai hoton ɗan siyasa ki bar shi a cikin shafi, rabin kasuwa ba za su ɗauka ba. Masu yin ado da tsofaffin jaridu da takardu kuma ku duba kafin ku yanka, kada a yi abin ɗora kofi da takarda mai ɗauke da aya ko sunan Allah.

Tarin kaya ma ciwo ne. Da an ji kina wannan sana'a kowa zai riƙa aiko miki da buhu, ki yi ta karɓa don kunya har ɗaki ya cika, damina ta zo, ɓera da kyankyaso su samu gida. Abin da ba za ki taɓa ba cikin wata biyu, ki ce an gode. Kayan Sallah kuma tun kafin azumi ake fara su. Wadda ta bari sai goman ƙarshe, ita ce za ta tsallake wanki da wibin don sauri. Aikin rabon biki, ki karɓi rabin kuɗi tun farko, ki ɗinka guda ɗaya ki nuna a amince kafin ki yanka sauran.

Hannun jaka shi ne inda na fi kama ɗalibai. Layi ɗaya suke bi su wuce, alhali nan ne duk nauyin yake sauka. Ki shigar da hannun cikin jaka kamar inci biyu, ki ɗinka murabba'i, ki ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, in ƙyallen ba shi da ƙwari ki sa guntun jins a bayansa. Duk sabon samfurin da zai fita daga shagona, sai na zuba masa mudu biyu na shinkafa na rataye a ƙusa ya kwana. Da safe in duba bakin ɗinkin, in ya buɗe ko kaɗan a farke a sake, in bai motsa ba sai a yanka sauran a kansa.