Babi na Bakwai: Teku da Ire-iren Ruwan Gaɓa

Ruwan saman da ya sauka a Samaru yakan gangara rafin Kubanni, Kubanni ya miƙa shi Galma, daga nan sai kogin Kaduna. Kogin Kaduna ya zuba a Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, su tafi tare har tekun Atilantika. Daga wannan tekun ne kuma damina take zuwa mana, domin rana ce ke ɗaga tururinsa, iskar bazara ta kwaso shi daga kudu maso yamma ta kawo arewa. Don haka manomin Zariya yana da ruwa da tsaki a maganar teku, ko bai taɓa ganinsa ba.

Ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya. Manyan tekuna biyar ne: Pasifik, Atilantika, tekun Indiya, tekun Kudu da tekun Aktik. Sunaye ne kawai suka raba su, ruwan a haɗe yake. Pasifik ya fi kowanne girma, har ya zarce dukan tudun duniya in an haɗa shi wuri guda, kuma a cikinsa ne ramin Mariyana yake, mai zurfin kusan mita 11,000.

Sauran sunayen da kuke ji a rediyo sun danganta ne da yadda ƙasa ta riƙe ruwan. In ƙasa ta kewaye wani yankin teku ta bar masa ƙofa kaɗan, shi ne irin Bahar Rum da Bahar Maliya. Jidda tana bakin Bahar Maliya, kuma shi alhazan da suka bi ta ƙasa suke tsallakawa daga Sudan. In teku ya lanƙwaso cikin ƙasa, kamar inda gaɓar Najeriya mai tsawon kusan kilomita 850 take, ana kiransa mashigin teku, namu shi ne na Gini. Akwai kuma ƙunƙuntar hanya tsakanin ƙasa biyu, irin ta Hormuz da Babul Mandab. Ta Suwez kuwa mutane ne suka haƙa, aka buɗe ta a 1869. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya ya gitta a cikinta, kwana shida ba shiga ba fita, ɗaruruwan jiragen kaya suka tsaya cik.

Lagun, irin na Legas, ruwa ne marar zurfi wanda tudun yashi ya kange shi daga teku, sai 'yar kafa. Ruwansa zartsi ne: da damina koguna su rinjaye shi ya yi daɗi-daɗi, da rani gishiri ya ƙaru. A Neja Delta kuwa, kogin ne ya rarrabu rassa barkatai a kan laka da yashin da ya kwaso. Kada a raina irin waɗannan wurare don sun yi kama da fadama, a cikin saiwoyin itatuwansu ne ƙananan kifaye da jatan lande ke girma. In ɗanyen mai ya malala can, abincin masunta ne ya tafi.

Ga gwajin da za ku yi a aji. Ku samo lita ɗaya ta ruwa, wato ruwan leda biyu masu rabin lita. Ku zuba gishiri cokali babba biyu a shafe, kimanin giram 35, ku dama har ya narke. Haka ruwan teku yake. Ku taɓa da harshe kawai, kada ku sha, domin ƙoda sai ta fitar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ta kori gishirin, ƙishirwa ta ƙaru. Sannan ku zuba cokali uku a baƙin faranti ku ajiye a rana. Ruwan zai tashi, farin gishiri ya rage. Abin da ya sa ruwan sama ba shi da gishiri ke nan, ko da yake daga teku ya fito. In kun cika farantin, zai kwana bai bushe ba. Lokacin hunturu ku rufe shi da rariya mai ƙananan ido, in ba haka ba ƙura za ta ɓata gwajin.

Wanda fatauci ko aiki ya kai shi Legas ko Fatakwal ya kula da abu biyu. Teku yana cikowa ya janye, galibi sau biyu a yini da dare, saboda jan da wata ke yi masa. Tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida ne, don haka yashin da kuka shimfiɗa kaya a kai da hantsi yana iya nutsewa kafin la'asar. Na biyu ya fi haɗari: akwai inda ruwan ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, sau da yawa wurin ya fi ko'ina lafawa a ido. In ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu don a gan shi. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa.