Kada Ka Bari a Jefar da Filtar Mai Kafin Ka Duba Ta

Duk juyen da aka yi wa mota, filtar baƙin mai ce ake cirowa daga jikin inji ɗauke da shaidar abin da ke faruwa a ciki. Amma a yawancin garejinmu, da yaron makanike ya kwance ta sai ya wurga ta bayan rami, mai motar kuma yana inuwa yana latsa waya. Ni sau uku nake duba filta: kafin in biya kuɗinta, lokacin da ake ɗaura ta, da bayan an cire ta. Na ukun ne mutane ba su damu da shi ba, alhali shi ya fi amfani.

Sai ka san abin da ke cikin gwangwanin sannan za ka gane lafiyarsa. Juya filtar ka kalli gindinta. Akwai babban rami a tsakiya mai tiredi, wato haƙoran da ake murɗawa, da ƙananan ramuka kewaye da shi. Famfon mai yana turo mai ta ƙananan ramukan, ya ratsa takardar da aka kalmasa a ciki, ya fito ta babban ramin ya nufi karanshaf (babbar sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji) da mital (faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa) da saman inji. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin karanshaf da mital ba ta kai kaurin silin gashi ba, don haka ƙwayar yashin da ta kuɓuce wa takardar tana iya karce ƙarfe.

Ban da takarda, akwai bawul biyu. Na farko roba ce da ke rufe ƙananan ramukan daga ciki, don kada mai ya zurare ƙasa idan an kashe mota. Na biyu na gaggawa ne: in takarda ta toshe, ko man ya yi kauri da sanyin asuba, sai ya buɗe mai ya wuce ba a tace ba, domin man da bai tacu ba ya fi babu. Shi ya sa filtar da ta toshe ba ta kunna maka jar fitila. Mota na tafiya lafiya lau, datti kuwa yana ta zagaya inji.

Ko a Ƙofar Ruwa kake saye a Kano, ko a Panteka a Kaduna, mai kaya na gari ba zai hana ka fitar da filta daga kwali ba. Fito da ita wajen haske. Shafa jikinta da yatsa ka ji ko akwai loɓawa, ko da 'yar ƙarama ce. Kada ka yarda da "ai ba komai, a hanya ta bugu". Matsin mai a cikin filta hawa yake yana sauka duk lokacin da inji ke aiki, kuma wurin da ya loɓa shi ne zai riƙa motsi har wata rana ya tsage. Girgiza ta kusa da kunne. Bai kamata ka ji wani abu yana ƙara ba. Leƙa ƙananan ramukan ka tabbatar robar ta rufe su duka, ba ta karkace ba. Baƙar roba tana aiki, amma mai ruwan lemo ko ja galibi ta siliko ce, kuma ta fi jure zafi irin namu. Haska tocilar waya cikin babban ramin: bututun tsakiya ya zama mai tsabta, babu tsatsa, babu ɓurɓushin ƙarfen da ya rage daga yankan tiredi. Ka kuma shinshina. Sabuwar filta ba ta warin tsohon mai, ba ta kuma da ɗanyen fenti a bakin robarta. In ka ji ko ka ga haka, tsohuwa ce aka wanke aka fesa.

Zancen tiredi kuwa ina so in daɗe a kansa, domin a nan ake yin asarar inji cikin minti kaɗan. Filtar gwangwani ta Corolla ta 2005 irin tawa tana da tiredin inci uku bisa huɗu, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya. Ta Honda Accord da Civic kuwa milimita 20 ce. A ido kusan ɗaya suke, kuma ta Honda tana iya hawa kan ƙarfen Toyota har ta yi kamar ta kama. Kamun na ƙarya ne, bakin haƙoran kawai ta riƙe. Ana hawa babban titi matsin mai ya ƙaru, sai ta saki, man inji duka ya malale a kwalta. Don haka "ai tana shiga" ba hujja ba ce. Je da lambar filtar motarka a rubuce, ko ka riƙe kwalin wadda aka saka maka a baya in ka tabbatar daidai ce.

A wurin ɗaurawa, ka tsaya a bakin rami. Da an cire tsohuwar, kalli gindinta: zoben robarta yana nan? In babu shi, to ya manne a jikin inji, kuma in aka ɗora sabuwa a kansa roba biyu ke nan, ɗaya za ta fita gefe mai ya yi tsartuwa. A goge wurin da tsumma mai tsabta, a shafa sabon mai a robar sabuwar filtar, a murɗa da hannu har robar ta taɓa inji, sannan a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko abin da aka rubuta a jikinta. Sarƙa da sifana na kwancewa ne, ba na ɗaurewa ba. Sai a tayar da mota. Jar fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan. In ta daɗe, a kashe a bincika. A bar inji ya yi aiki ɗan lokaci, a leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗigo, a kashe, a jira man ya kwanta, a sake duba geji domin filtar ta sha nata.

Motocin da suka biyo baya da yawa ba su da gwangwani. Camry ta 2012 mai injin 2.5 irin ta ƙanena, takarda zalla ake canja mata, mai lamba 04152-YZZA1, a cikin murfin da ake kwancewa da sifana ta musamman mai kama da kofi. A irin wannan abubuwa uku nake kallo. A canja babban zoben roba da sabon da ya zo a kwali, a kuma zaunar da shi a ainihin gurbinsa, ba a ƙarshen tiredi ba. A tabbatar bututun ƙarfe mai huji-huji da ke tsakiyar murfin bai bi tsohuwar takarda zuwa shara ba, domin in babu shi sabuwar takardar za ta lanƙwashe. Sannan kada a ɗaure murfin da ƙarfin tsiya. 25 Nm ne awon ƙarfin ɗaurinsa a sifana mai awo, kuma murfin roba yana tsagewa in aka wuce.

Yanzu tsohuwar filta. Tun kafin a fara aiki ka ce, "Oga, don Allah a ajiye mini tsohuwar, kuma kada yaro ya huda ta da sukudireba." Makanikena ya saba, har da leda yake miƙo mini ita. In ka kai gida, kifa ta a kan wani gwangwani ta kwana tana tsiyaya.

Fara da waje. In gwangwanin ya kumbura, ko gindinsa ya yi tudu, laifin ba na filtar ba ne. Bawul ɗin da ke rage matsi a famfon mai ne ya maƙale, kuma sabuwar ma haka za ta yi. In akwai karce mai zurfi ko loɓawa a ƙasa, wani abu ne ya buge ta a hanya, sai ka duba ko murfin da ke kare ƙasan inji yana nan. Taɓa zoben robar. In ya bushe ya ƙandare har yana tsagewa, filtar ta daɗe fiye da kima ko injin yana zafi da yawa.

Sai yanka. Kada ka sa zarto ko injin gurza ƙarfe, domin za su zuba ɓurɓushi a ciki ka kasa bambance nasu da na injinka. Akwai abin yankan filta mai ƙaramar taya irin na masu yanka bututu. In ba ka da shi, almakashin yankan kwano zai yi, ka bi bakin gindin a hankali. Sa safar hannu, bakin gwangwanin yana da kaifi, tsohon mai kuma ba alheri ba ne ga fata. Masu takarda zalla sun huta da wannan wahalar. Wannan yanka ba son ɓata lokaci ba ne: masu gyaran ƙananan jiragen sama masu injin fistin suna yanka filta a lokacin juye, don su ga matsala tun jirgi yana ƙasa.

Zaro takardar ka dube ta a tsaye tukuna. Kalmasarta ta kasance a miƙe, tazara daidai. In ta yi lanƙwasa-lanƙwasa ta kumbura, ruwa ya shiga mai. Haɗa wannan da duba ko ruwan lagireto yana raguwa, da ko ƙarƙashin murfin mai ya yi fari kamar madara. In ta yage, ko gam ɗin da ya haɗa bakinta ya saki, mai ya daɗe yana wucewa ba tacewa, kuma kada ka sake sayen irin wannan filtar. In bututun tsakiya ya murƙushe, takarda ta toshe ne bawul ɗin gaggawa kuma bai buɗe ba.

Yanko takardar da reza daga sama da ƙasa, ka naɗe ta a tsumma ka matse man sosai, sannan ka buɗe ta a rana tsaka. Ɓangaren waje za ka duba, can cikin lungun kalmasa, nan datti ke taruwa. Ɗauko maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka sa shi a leda ka bi kan takardar. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga ringi ko bangon silinda ko kamshaf ko sarƙar taimin. Mai ƙyalli fari da bai manne ba alminiyam ne, galibi daga fistin ko mital. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai ruwan tagulla, domin yana nufin mital ya cinye fatarsa ta sama. Wannan motar ba ta tafiyar Abuja sai an sa agogon awon matsin mai an kuma buɗe ƙasan inji. Canjin mital a wannan matakin kuɗi ne da za a iya. In aka bari inji ya buga, zance ya koma sayen wani. Gutsattsarin roba mai laushi gam ɗin gasket ne da aka lafta da yawa, yana kuma iya toshe rariyar famfon mai. Gutsattsarin roba mai tauri kuwa daga madogarar sarƙar taimin yake fitowa. Baƙin abu mai danƙo da ke murjewa a yatsa dattin mai ne da ya daɗe ba juye.

'Yan ƙyalli ƙanana jefi-jefi ba abin tsoro ba ne, musamman a injin da aka yi wa aiki kwanan nan. Abin lura shi ne ko suna ƙaruwa. Shi ya sa nake yanke ɗan yanki in sa a leda, in rubuta kwanan wata da kilomita a jiki. Filta ɗaya ba ta faɗin komai sosai, amma in ka jera ta bara da ta bana za ka ga inda injin ya dosa.

Akwai kuma inda kula ke zama waswasi, har ta koma ɓarna. Na san masu yin juye da zarar mai ya yi baƙi, alhali baƙin yana nuna man na kwashe datti ne. Na san masu wanke cikin inji da kananzir ko man gas, abin da ke tsinka mai ya bar mital a bushe. Akwai masu zuba mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta masa mai ruwa-ruwa 0W-20 don wai "ƙasarmu da zafi", ba su san mai kauri yana sa bawul ɗin gaggawa ya riƙa buɗewa da sanyin safiya ba. Duk waɗannan ba na yin su. Ni dai na tsaya a kilomita 5,000 ko wata shida, saboda ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, kuma ban yarda da juye biyu a filta ɗaya ba, domin tsohuwar tana riƙe da tsohon mai da duk dattin da ta tara.

In ka murza dattin takardar a yatsa ka ji garas-garas irin na yashi, musamman bayan hunturu, kada ka tsaya kan filtar mai. Ƙura ta hanyar iska take shiga. Buɗe akwatin filtar iska ka ga ko murfinsa yana rufuwa daidai, ko an karya maɗauransa, sannan ka lanƙwasa babbar robar da ta haɗa shi da inji ka duba ƙasanta, domin a nan take tsagewa inda ido ba ya kaiwa.