Idan zafin farko ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin bango

Salama alaikum 'yan uwa. Ga wata 'yar dabara ga masu lissafin tafiyar zafi da manhajar kwamfuta ta COMSOL.

Makon jiya ina gwada bangon ɗakin ajiyar dankalin turawa a nan Jos. Da asubar hunturu na auna, waje digiri 12, ciki 22, kaurin bangon mita 0.2. Amma manhajar 293.15 K (ma'aunin Kelvin, wato digiri 20) take ba ko'ina a matsayin zafin farko in ba ka canza ba, sai awannin farko na lissafin su fito shirme.

Gurbin Initial Values, inda ake sa zafin farko, yana karɓar lissafi, ba lamba kawai ba. Na rubuta 285.15+50*x (285.15 shi ne digiri 12 a Kelvin, 50 kuma bambancin digiri 10 a raba da kaurin 0.2, x nisa cikin bangon a mita), da fuskar waje a x=0, sai zafin ya hau a hankali har 295.15 a fuskar ciki. Rubutun zai canza launi saboda ma'auni, amma yana aiki.

Ku kula, Kelvin yake karantawa. Ni da farko 12 na buga tsurarsa, wallahi sai ga bangona a digiri 261 ƙasa da sifili, na kwana ina zargin kwamfuta.

Wannan duk na lissafin da ke tafiya da lokaci ne. Masu amfani da manhajar OpenFOAM kuwa, umarnin setFields zai yi muku, yanki-yanki.