Yadda Ake Shuka Kajiji a Lambu ko a Baho

Kajiji na cikin tsirran da ake dasawa sau ɗaya a yi shekaru ana mora. Ɗan uwan aya ne da aya-aya, amma shi mazauninsa bakin tafki ne da fadama da duk inda ruwa ke kwanciya. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa masa sunan kimiyya Cyperus articulatus a 1753, kuma yana fitowa a yankunan zafi na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka. Ƙamshinsa a saiwa yake, shi ya sa a Barazil ake tatsar mai daga cikinta don haɗa turare. Karansa kuma ana saƙa tabarma da shi.

Ka fara da tabbatar da cewa kajijin ka samo, domin 'yan uwansa suna da yawa kuma suna kama da juna. Yawancinsu karansu kusurwa uku gare shi. Na kajiji mulmulalle ne, ba ganye a jikinsa sai ɗan kube a gindi, tsawonsa kan kai mita 2. Tsaga ɗaya ka duba: za ka ga totuwar ciki a rarrabe gida-gida, kuma idan karan ya bushe gaɓoɓin nan sukan fito fili har yatsa ya ji su. Sannan ka kankare saiwar da farce ka shinshina. In ƙamshi bai tashi ba, ka ƙara nema.

Kada ka wahalar da kanka da ƙwayar iri. Da saiwa ake yaɗa shi, kuma ɗanya, domin busasshiya ba ta toho. Haƙo gindi mai lafiya, ka yanyanka saiwar tsawon yatsa, kowane yanki da ido ɗaya ko biyu. Rage karan da ke jikinta ya koma kamar taƙi guda. Naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar.

Wuri kuma ya zama mai rana, aƙalla awa 6 a yini. A inuwa karan yakan yi siriri ya kwanta. Ƙasa mai laka ya fi so, a cuɗa ta da takin da ya riga ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ɓata ruwa yake yi, ya tara gansakuka da wari.

A nan ne nake ba kowa shawarar baho, ko da yana da fili. Saiwar kajiji tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa, tana tsiro tana gaba, kuma in ta shiga magudanar ruwa ko fangalin shinkafa, fitar da ita aiki ne ja, don guntun da aka bari ma sake tashi yake yi. Baho marar huji mai zurfin santimita 30 zuwa 40 ya wadatar. Zuba ƙasar ta kusa cika, ka bar wa ruwa wuri a sama. Wanda zai dasa a ƙasa, ya kewaye wurin da bulo ko roba mai kauri da aka binne, ya riƙa datse duk saiwar da ta tsallake.

Kwantar da kowane yanki a cikin taɓon, idon yana kallon sama, zurfin santimita 5, tazarar santimita 40 tsakaninsu. Baho ɗaya yanki biyu ko uku sun ishe shi. Danna ƙasar da tafin hannu.

Sauran aikin duk na ruwa ne, kuma a nan yawancin masu dasawa ke yin asara. A makonnin farko ƙasar ta kasance jagab, amma kada ruwa ya shanye kan karan da ka yanke, don zai iya ruɓewa kafin saiwa ta kama. Idan sabon tsiro ya fito ya miƙe, sai ka ƙara ruwa ya hau ƙasar da santimita 5 zuwa 10. Tsohon gindi yana iya jure ɗan fari, karansa ya bushe saiwa ta jira ruwa, amma sabon dashe in taɓonsa ya bushe ya tsage, ya tafi ke nan. Ka leƙa shi safe da yamma lokacin zafi.

Ruwan da ya kwanta yana kiran sauro, wannan ba abin wasa ba ne. Tsutsarsa kan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10, don haka ka tsiyaye ruwan saman duk mako ka zuba sabo, ko ka tsayar da shi daidai fuskar ƙasa.

Shekarar farko ka bar shi ya kafu, ka dai riƙa cire ciyawa da busassun kara. Daga nan sai girbi: haƙo rabin gindin, ka bar rabi ya ci gaba. Wanke saiwar, cire ƙananan jijiyoyin, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, domin rana mai zafi tana kwashe ƙamshin. Idan ta bushe ƙarau, a adana a gwangwani mai murfi. Duk shekara 2 ko 3 ka juye bahon, ka rarraba gindin da ya cunkushe, ka sabunta ƙasar. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, a shigar da bahon ɗaki mai haske kafin sanyi ya sauka.